Baba Fakorede da Ankon Shunayya

Duk wanda ya zauna a Oke-Iroko ya san Injiniya Olaniran Fakorede da abu biyu: leɓensa da ke motsi kullum yana ƙirga wani abu, da hularsa haɓar kada mai kunne biyu, wadda ba ta karkata dama ba ta karkata hagu. Shekararsa sittin da takwas. Talatin da biyar daga ciki a ma'aikatar ruwa ya yi su, ya fara daga mai bin bututu da igiyar awo har ya kai darakta. Rijiyar burtsatse ɗari biyu da sha ɗaya ya haƙa, kuma in ka tsaya masa minti ɗaya zai gaya maka nawa ke ba da ruwa har yau. Ɗari da sittin da takwas. Sauran arba'in da ukun su ne ke hana sakwara yi masa daɗi a baki.

A jami'ar Ibadan su uku suka zauna a ɗaki mai gado biyu: shi, da Gbadebo Ajisafe mai karatun likita, da Kolawole Olubodun mai karatun shari'a, wanda ya zo kwana biyu ya shekara huɗu. Risho ɗaya gare su, tukunya ɗaya, da kwat ɗaya da ake karɓa-karɓa in za a je zance. A makon farko suka baje takardun haihuwa a kan gado. Olaniran ya girmi Kolawole da wata bakwai, ya girmi Gbadebo da kwana goma sha tara kacal. Shi ke nan magana ta ƙare, ya zama Egbon, wato yaya, kuma shekara arba'in da bakwai ke nan babu ɗayansu da ya ƙara kiran sunansa gatsal.

Siyasa ce ta raba sauran biyun. Gbadebo ya zama kwamishinan lafiya a gwamnatin jiha, Kolawole kuwa yana neman kujerar sanata a jam'iyyar adawa, kuma shekara tara ke nan ba sa ga-maciji. Baba Fakorede bai taɓa yankar katin kowace jam'iyya ba. Abin da ya yi shi ne ya raba kansa biyu daidai. Lahadin nan bayan coci yana gidan Gbadebo, ta gaba yana gidan Kolawole. In sabuwar doya ta fito, sha biyu nan, sha biyu can, kuma da hannunsa yake gwada nauyinsu. In ya yi minti ashirin a waya da ɗaya, sai ya kira ɗayan ya cika ashirin, ko da zancen ruwan sama za su yi.

Ba don kansa yake wannan wahala ba. Ƙanwarsa Aduke ta rasu a bayan motar dakon buhunan koko, tana naƙuda, a kan hanyar kilomita ashirin da bakwai da ke tsakanin Oke-Iroko da asibiti mafi kusa. Da ya yi ritaya sai ya bi 'yan ajinsu na jami'a gida-gida, mutum tamanin da shida da suka rage a raye, har suka gina ɗakin haihuwa mai gado shida a filin da ya gada. Kolawole ya sa gadaje da wutar sola. Abu ɗaya ya rage, takardar da za ta turo ungozomomi uku na gwamnati, kuma hannun Gbadebo kaɗai ke iya sa mata hannu. Wata goma sha huɗu ginin yana kulle. A cikin watannin nan Baba ya ƙirga mata arba'in da ɗaya da aka bi da su waccan hanya, uku ba su dawo ba. Daga ƙarshe Gbadebo ya yi alkawari: ranar Asabar, wurin bikin buɗewa, zai zo da takardar a hannunsa ya miƙa a gaban jama'a.

Ranar Laraba da hantsi Baba yana tsakar gida yana lissafin kujeru, ɗari huɗu da hamsin, rumfa tara, shanu biyu, sai ga direban kwamishina ya shigo da ƙunshi a hannu. Ya kwanta ya yi gaisuwa irin ta Yarbawa, ya ajiye ƙunshin a kan benci, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Oga ya ce a gaida Egbon. Ya ce kayan sun yi masa yawa."

Kafin Baba ya buɗe baki direba ya kai ƙofa. Baba ya gane ƙunshin. Ankon bikin ne, wanda shi da kansa ya aika wa Gbadebo ranar Litinin ba tare da ya kwance ya duba ba. A Oke-Iroko mutum na iya ƙin cin abincinka a ce cikinsa ne, amma ya dawo maka da anko, ya gaya maka ke nan ba ya cikin hidimarka. Ya warware igiyar. Yadi shida, shunayya shar, da ashoken hula shi ma shunayya.

Sati uku da suka wuce jam'iyyar Kolawole ta cika jihar da wannan launi. Huluna, fastoci, lemar 'yan kasuwa, har fentin motocin kamfe.

"Maman Tolu!" Muryarsa ta fita siririya. "Maman Tolu, fito!"

Matarsa Morenike ta leƙo daga kicin da muciya a hannu. Ita ce shugabar matan 'yan ajin, ita ta je kasuwar Gbagi ta zaɓo yadin.

"Wa ya mutu kuma?"

"Ni ne. Mene ne wannan?"

"Anko mana. Bai yi kyau ba? Shago goma sha ɗaya na shiga kafin na samu wanda ba ya zuba."

"Ba ki ga launin da ke jikin kowane bango a garin nan ba?"

Ta dubi yadin, ta dubi mijinta, muciyar ta sauka a hankali. "Baban Tolu, wata huɗu ke nan da na sayo shi. A lokacin mutanen Kola ja suke sawa. Ni na ce su canza? Su je su tambayi wanda ya fara."

"Mutum nawa suka karɓa?"

"Kai da ka san yawan tsakuwar ƙofar gida, ni za ka tambaya?"

Ya sani. Ɗari uku da sha biyu. An raba, an ɗinka, wasu matan har sun kai gwaggwaronsu wajen mai naɗi. Ya zauna a kan bencin ya rufe ido, sai ga hoton ya zo masa tsaf: kwamishinan gwamnati a tsakiyar mutum ɗari uku da sha biyu sanye da launin adawa, saura wata biyar zaɓe. Kafin a kwashe kwanukan shinkafa hoton ya kai teburin gwamna.

Ya kira Gbadebo sau bakwai, ba a ɗauka ba. Ya tashi ya zagaya telolin gari, su tara ne. Ko da za a samu wani yadin yau, ko da kowane tela zai ɗinka goma a wuni, kwana biyu ba za su wuce ɗari da tamanin ba. Ya tuntuɓi shugaban 'yan ajin ko za a ce kowa ya zo da farar riga. Tsohon ya yi dariya har da tari.

"Niran, kana so matanmu su yi mana yaji a rana ɗaya? Mace ta ɗinka anko, ta gaya wa ƙawayenta, ka ce ta ninke ta mayar akwati? Ka faɗa musu da bakinka, ni ina da jikoki."

Ranar Alhamis da safe ya tafi wurin Kolawole. Gidan cike yake da matasa masu hula shunayya, ya ƙirga talatin da huɗu kafin ya kai falo. Kolawole ya taso da tumbinsa ya duƙa har hannunsa ya taɓa ƙasa.

"Egbon! Yau ba Lahadi ba ce, ba kuma makona ba ne. Agogonka ya lalace?"

"Kola, zauna. Alfarma na zo nema. Kada ka zo ranar Asabar."

Ya zayyana masa komai. Kolawole ya saurara yana murza gemu, sai kafaɗunsa suka fara girgiza, can ya fashe da dariya har yana dukan kujera.

"Maman Tolu ta yi min kamfe kyauta! Mutum ɗari uku! Allah ya yi mata albarka, zan aika mata akuya."

"Da sha biyu. Kuma ba abin dariya ba ne."

"To Egbon, gadajen nan shida wa ya saya? Wutar da ke kan rufin fa? In zauna a gida saboda mai kan gwandan can yana tsoron ubangidansa? Mutumin da ya ƙona mana wake sau uku a sati ɗaya?"

"In ka zo, takarda ba za ta fito ba."

Dariyar ta ɗauke. Kolawole ya matso da kujerarsa, ya rage murya. "Ko na zo ko ban zo ba, launin yana nan a jikin mutane. Kuma in ban zo ba, yaran nan da ka wuce a waje za su ce an kore ni daga abin da na sa hannu a ciki. Ba zan yi jawabi ba, wannan na yi maka. Amma zan zo. In ma ya hana takardar, ka yi haƙuri wata biyar, in muka hau ungozoma goma zan sa a turo maka."

Leɓen Baba ya shiga motsi. Mata uku a wata, wata biyar, sha biyar ke nan. In ma sun hau.

A mota yana komawa ya kasa shan ruwan da ke hannunsa. Abincin rana ya dawo kicin yadda aka kai shi. Morenike ta tsaya a kansa ta ce ita za ta je ta ba matar Gbadebo haƙuri, tunda ita ta jawo. Ya girgiza kai. Shi ya aika ƙunshi bai duba ba, shi da ke duba kowace kusa a jikin famfo.

Juma'a ƙarfe bakwai na safe yana ƙofar gidan Gbadebo a babban birnin jiha. Wannan gida bai taɓa jira a cikinsa ba, kai tsaye yake wucewa har kicin ya buɗe tukunya. Ranar nan aka ajiye shi a falon baƙi minti hamsin da biyu. Ya ƙirga tayil ɗin ƙasa, ya ƙirga hotunan bango, ya lura an cire wanda su uku suke tsaye ranar kammala karatu, ƙusar kawai ta rage.

Gbadebo ya shigo cikin farar agbada, dogo, siriri, gilashi a kan hanci. Ya ɗan sunkuyar da kai kaɗan, gaisuwar da ake yi wa baƙo.

"Egbon."

"Gbade, kuskure ne. Tun wata huɗu aka sayi yadin, ni kuma ban kwance ba na aiko."

"Kai? Kai ne ba ka kwance ba? Mutumin da ke ƙirga ƙwayar gyaɗa kafin ya raba mana?" Ya cire gilashin ya goge. "A gaban mutum biyar na ofishina aka kwance ƙunshin nan. Ɗaya daga cikinsu ƙanen matar gwamna ne. Kafin azahar an kira ni ana tambayata yaushe zan sauya sheƙa."

"Ban ce ka zo gobe ba. Na janye wannan. Takardar kawai."

"In sa hannu yau, gobe ɓarawon kwat ɗin can ya tsaya a ƙofar asibiti cikin mutanensa a ɗauki hoto, a ce kwamishina ya ba adawa ungozomomi? Ka bari bayan zaɓe."

"Mata sha biyar ke nan."

"Kada ka kawo min lissafi, Egbon, ni likita ne, na fi ka sanin abin da ke kan hanyar nan. Amma in aka cire ni, wanda zai zo ko sunan Oke-Iroko bai sani ba."

Ya juya zai fita. Baba Fakorede ya dubi ƙofar, ya dubi bayan abokinsa. Dabara ta ƙare masa, saura abu ɗaya, wanda tun a hanya yake roƙon Allah kada a kai gare shi. Ya cire hularsa ya ajiye a kan kujera. Ya tattare rigarsa, ya sauke gwiwar dama mai ciwo, ya sauke ta hagu, ya miƙe rub da ciki a kan tayil, haɓarsa a ƙasa.

Ƙarar faɗuwar sandarsa ce ta sa Gbadebo waiwayowa. Ihun da ya yi har masu gadi suka ji.

"Haba! Egbon, tashi! Me na yi maka? So kake ka gajarta min kwana?"

Yaya ba ya kwanta wa ƙane. Ko kwana ɗaya ne tsakaninsu, wanda aka kwanta wa ya ɗauki abin da zai bi shi har 'ya'yansa, kuma babu mai tsayawa a kan ƙafafunsa yana kallo. Kwamishina guda, da farar agbadarsa mai sitaci, ya zube a ƙasa shi ma, yana ƙoƙarin manna ƙirjinsa ƙasa fiye da na Egbon, gilashinsa ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin tebur.

"Ka tashi, don Allah!"

"Ba zan tashi ba."

"Kwana sha tara ne fa kawai! A kan kwana sha tara za ka kashe ni?"

"Da ka riga ni fitowa. Aduke ta wanke maka kaya shekara biyu in ka zo hutu, Gbade. Ka tuna ko ka manta?"

Fuskokinsu na kusa da juna a ƙasa, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa. Idon Gbadebo ya kaɗa.

"Ungozoma biyu," ya ce da ƙyar. "Uku sai an kai majalisar zartarwa, biyu ina da ikonsu a hannuna. Kuma kwanan watan Juma'ar makon jiya zan sa, kafin ƙunshinka na tsiya ya iso. Yanzu ka tashi."

"Ba na iyawa. Gwiwar ta riƙe."

"Ni ma bayana ya ƙi."

Haka matar Gbadebo ta same su, tsofaffi biyu shimfiɗe a falo kamar an shanya kifi. Ta dafe ƙirji ta kira sunan Yesu sau uku, sannan ta kira direba da mai gadi aka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Gbadebo ya sa aka ɗauko fayil daga mota, ya sa hannu a shafi biyu, ya buga hatimi. Da ya miƙa takardar bai sake ta nan da nan ba.

"Ba zan zo gobe ba. Kada a ambaci sunana a lasifika. Kuma Egbon, kada motarka ta sake tsayawa a ƙofar gidan nan sai an gama zaɓe. Ana ƙirga masu shigowa, ba kai kaɗai ka iya ba."

Asabar aka yi biki. Oke-Iroko ta koma shunayya tun daga coci har bakin kasuwa, makaɗa suka yi ta kiran sunan Fakorede da na kakanninsa, shanu biyu suka ƙare kafin la'asar. Kolawole ya zo da motoci sha ɗaya. Ya cika alkawari bai yi jawabi ba, amma ya yi rawa, kuma duk inda ya juya akwai waya a sama tana ɗauka. Baba yana zaune cikin farin leshi, hannunsa na dama dafe da aljihun da takardar ke ciki. Wayoyi sittin da uku ya ƙirga kafin ya daina. Ko loma ɗaya bai kai bakinsa ba, tunaninsa guda: hatimin da aka buga jiya, waya ɗaya daga gidan gwamnati ta isa ta soke shi.

Da aka zo sallama ya ja Kolawole gefe.

"Kada ka jira ni ranar Lahadi. Sai bayan zaɓe."

"Ni kuma me na yi? Shi ne ya kore ka, ba ni ba."

"Lahadi ashirin da biyu ne. Ba zan ba ka sha ɗaya shi ya tashi babu ko ɗaya ba."

Kolawole ya shiga mota ba tare da ya yi wata tsokanar ba.

Litinin ƙarfe bakwai da rabi Baba yana tsaye a ƙofar ɗakin haihuwa da makulli a hannu. Takarda ta ce ƙarfe takwas. Takwas ta yi, ta wuce. Ya shiga ƙirga baburan acaɓa da ke hawowa daga tasha. Na goma buhun rogo ya ɗauko. Na sha bakwai malamin makaranta. Morenike ta kawo masa kujera ya ƙi zama, ta kawo koko ya ƙi sha. Ƙarfe tara da kwata babur na ashirin da uku ya tsaya, wata mata gajera mai jaka biyu ta sauko tana kakkaɓe farar rigarta.

"Nan ne Oke-Iroko? Sunana Sista Ibironke. Baba, wannan hanya taku ai sai ta sa mai ciki ta haihu a kan babur."

"Ina ta biyun?"

"Ni kaɗai aka ba wasiƙa. An ce ɗayar a dakata tukuna."

Ya karɓi wasiƙar ya karanta har sau biyu, ya duba hatimin, sannan ya sa makulli. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da aka ɗiga masa manja ya buɗe. Morenike, don murna, ta ruga gida ta dawo da ragowar yadi shida na ankon za ta yi wa baƙuwa kyautar maraba. Baba ya tare ta a bakin ƙofa ya karɓe ƙunshin ya danna a hammata.

"Farar da ke jikinta ta ishe ta."

Sati shida bayan haka aka ɗauke Gbadebo daga ma'aikatar lafiya aka mayar da shi ta wasanni. Ba a faɗi dalili ba, shi ma bai kira ba. Ungozoma ta biyu har yau ba ta zo ba, kuma duk ranar da Baba ya ga motar gwamnati ta hawo tudun garin sai ya tsaya har ta wuce ƙofar asibitin. Cikin sati goma sha uku Sista Ibironke ta karɓi haihuwa goma sha tara, duka iyayen sun koma gida da ƙafarsu. Ranar Lahadi in an taso coci yakan zauna a barandar asibitin da hularsa mai kunne biyu, wayarsa a kan cinya, ba ya kiran kowa. In ka gaishe shi zai amsa, ya gaya maka jarirai nawa, sannan ya ƙara da cewa saura Lahadi tara a yi zaɓe.